Tsohon inji da ƙaramin aljihu: shawara ga samarinmu na Greensboro da iyayensu

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a tsakaninmu a nan Greensboro, a wajen suna, a wajen ɗaurin aure, har a zaurukan WhatsApp. Magana ce ta samarinmu da suka kamu da son tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji, irin na shekarun 1960 da 1970, waɗanda in aka tayar da su sai ka ji ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Manya suna cewa almubazzaranci ne, yaro ya kwana yana aiki a sito ko yana tuƙa babbar mota, sannan ya kwashi guminsa ya zuba wa ƙarfen da ya girmi ubansa. Samari kuma suna cewa manya ba su fahimci abin ba.

Ni ra'ayina shi ne sha'awar ba ta da laifi, tana ma iya zama sana'a. Abin da ke cinye kuɗi, ya kuma kai mutum gadon asibiti, shi ne rashin bin tsari: a sayi abin da ya kamata ya zo ƙarshe tun farko, a bar abin da ya kamata a fara da shi. Ni ma'aikacin jinya ne, ba bakanike ba. Sai dai a garejin kawuna na taso a Kano, ina miƙa sifana ina wanke fulogi da fetur, kuma a 'yan shekarun nan na sha raka wasu ƙannena duba irin waɗannan motoci. Da idon jinya da ɗan abin da na tsinta a gareji nake wannan magana.

Bari in fara da bayani saboda 'yan uwa na gida, waɗanda wataƙila sai a fim suka taɓa ganin irin motar. Amurkawa suna kiran su da wani suna da ke nufin mota mai ƙwanji. Dabarar ita ce a ɗauki mota matsakaiciya a cusa mata injin da ya fi ƙarfinta, mai silinda takwas a jere biyu, irin wanda ake kira mai babban bulok. Chevrolet tana da 396 da 427 da 454, Chrysler tana da 383 da 440 da 426 Hemi, Ford tana da 390 da 428 da 429 da 460, Pontiac da Buick da Oldsmobile kuma kowacce tana da nata 455. Lambobin nan girman cikin injin ne a ma'aunin inci. Injin 454 lita 7.4 ke nan. Injin Peugeot 504 da muka sani, wadda aka fara haɗa irinta a Kaduna tun 1975, bai wuce lita biyu ba. Wato sai ka tara injin 504 uku da rabi da 'yan kai kafin ka kamo guda ɗaya.

Ba kuma abin mamaki ba ne yaranmu su kamu da wannan sha'awa a wannan yanki. Daga Greensboro zuwa ƙauyen Level Cross bai kai tafiyar rabin awa ba, kuma can ne gidan Richard Petty, wanda ya ci tseren NASCAR sau 200 ya zama zakaran shekara sau bakwai. A 1964 ya ci tseren Daytona 500 da Plymouth mai injin 426 Hemi. Ƙanensa Maurice Petty, wanda ya yi fama da shan inna tun yana yaro, shi ne ya riƙa haɗa masa injuna, kuma shi ne mai haɗa inji na farko da aka sanya a zauren girmamawa na NASCAR, a 2014. Gidan tarihinsu yana nan a Level Cross. A Winston-Salem akwai filin Bowman Gray, a Welcome akwai garejin Richard Childress. Yaron da ya yi makarantar sakandare a nan ya zauna aji ɗaya da jikokin mutanen da suka rayu a cikin wannan harka. Kamar ka tashi a Ƙofar Ruwa ne a ce ba ka san sunan kayan mota ba.

To, abu na farko da mai saye ya kamata ya sani shi ne tarihin injin da ke gabansa. A 1970 Chevrolet ta fitar da Chevelle mai injin 454 samfurin LS6, wanda aka ce yana da ƙarfin doki 450. Wannan lambar ce ke yawo a kawunan samari. Amma daga 1971 kamfanin General Motors ya rage matsin cikin silinda a injunansa domin su iya shan fetur marar gubar dalma. A 1972 aka sauya yadda ake auna ƙarfin inji, aka koma auna shi da duk kayan da yake ja a jikin mota, sai lambobin suka ƙara faɗuwa. A 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai, kamfanonin inshora kuma suka tsauwala kuɗi a kan irin waɗannan motoci. Kafin tsakiyar shekarun 1970, injin 454 ɗin nan bai kai ƙarfin doki 250 ba a takarda. Daga nan ya koma motocin ɗaukar kaya da motocin da ake kwana a ciki, inda ya ci gaba da aiki har ƙarshen shekarun 1990.

Abin da wannan ke nufi a aljihu shi ne, motocin 1970 na asali sun zama kayan masu kuɗi, ana gwanjonsu kamar gidaje. Abin da ɗanmu zai iya saye shi ne mota ta bayan 1971, ko bodin wata mota da aka sa wa injin da aka ciro daga tsohuwar motar kaya. Injin yana da ƙarfin murɗa mai yawa tun daga ƙasa, amma an shaƙe shi tun daga kamfani, sannan shekaru hamsin sun bi ta kansa. A nan ne labari mai daɗi yake: ƙarfin da ya fi arha shi ne wanda injin yake da shi tun asali ya ɓace masa saboda tsufa da rashin kula. Maido da shi bai kai rabin kuɗin neman sabo ba.

A asibiti ba ma ba majiyyaci magani sai mun auna shi: hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki, numfashi. Wanda ya zo yana cewa a ba shi allurar ƙarfi alhali jininsa yana zuba, aikinmu mu tsayar da jinin tukuna. Haka inji yake. Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya, a cire fulogi takwas ɗin a auna matsin kowace silinda. Ma'aunin bai kai dala ɗari ba, kuma shaguna irin su AutoZone da O'Reilly suna ba da aron wasu kayan aiki, ka ajiye kuɗin jingina, in ka mayar a dawo maka da abinka. Abin da ake so shi ne silindojin su yi kusa da juna, bambancinsu kada ya wuce kashi goma cikin ɗari. In wata ta faɗi ƙasa sosai, a zuba mata ɗan baƙin mai a sake aunawa. In ta tashi, ringi ne ya gaji. In ba ta tashi ba, a duba bawul ko gaskit. A duba ƙarfin bugun baƙin mai bayan injin ya yi zafi. A kalli fulogin da aka cire, domin launinsu yana ba da labari kamar yadda idon majiyyaci yake ba mu. Injin da ya faɗi wannan jarrabawa, duk abin da aka ɗaura masa asara ce, gyara yake buƙata.

In ya ci jarrabawar, wuta ce ta farko. Yawancin motocin kafin 1975 da kwantak suke aiki, wanda duk bakaniken gida ya san halinsa: yana cinyewa, taimin ya gushe, mota ta fara tari. General Motors ta koma distiribita mai lantarki da ake kira HEI a tsakiyar shekarun 1970, Chrysler ma ta riga ta da 'yan shekaru. Ana samun irin wannan distiribita da arha, ko a sayi ɗan kayan da ake sawa a cikin tsohuwar a madadin kwantak. Sai sababbin wayoyi da fulogi. Sannan a saita taimin da fitilar taimin, ba da kunne ba. Manyan injunan Chevrolet sun fi son jimillar taimin tsakanin digiri 34 zuwa 38, ya gama shiga wajen juyi dubu uku a minti, muddin injin ba ya ƙwanƙwasa. In ya fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin da aka taka totur, a ja baya, domin wannan ƙarar fistin take ci. Na ga motar da wannan aikin kaɗai, na yini ɗaya, ya mayar da ita kamar wata daban.

Na biyu shi ne mai. A nan ne samarinmu suka fi zubar da kuɗi, domin ƙatuwar kafireta mai sheƙi ita ce ake gani in an buɗe bonet. Akwai lissafi mai sauƙi: ka ninka girman injin da iyakar juyin da za ka kai shi, ka raba da 3456. Injin 454 a juyi 5,500 zai ba ka kusan 720, kuma wannan in injin yana zuƙar iska ɗari bisa ɗari ke nan, abin da injin titi ba ya yi. Ke nan kafireta mai lamba 750 ta ishe shi har da ragi. Wanda ya ɗora mai 850 ko 950 zai ji mota tana shaƙewa in ya taka daga tsaye. Quadrajet ɗin da ta zo da yawancin motocin General Motors tana kai 750, kuma kayan gyaranta ba su kai dala ɗari ba. A kwance ta, a wanke, a sauya gaskit da fulot, a saita. Sai kuma abin da ba a gani: fetur ɗin gidajen mai na nan yawanci yana da kashi goma na etanol, wanda ke cin tsofaffin tiyon roba. Tiyon mai da ya tsage a saman inji mai zafi gobara ce. A sauya su duka, a sa sabon mataci, a ajiye tukunyar kashe gobara a cikin motar.

Na uku, sanyaya. Babban inji babban zafi ne, ga kuma bazarar Carolina ta Arewa da cunkoson Wendover. A wanke lagireto ko a sauya, a tabbatar murfin da ke kewaye da fanka yana nan, domin in babu shi fankar tana juya iska ne a banza. Injin da ke tafasa a kan danja ba ya buƙatar ƙarin ƙarfi.

Sai bayan waɗannan ake maganar ƙari na gaskiya, kuma numfashi ne kan gaba. Motocin tsakiyar shekarun 1970 da yawa salansa ɗaya suka zo da ita. A mayar da ita biyu, bututu mai faɗin inci biyu da rabi, in aljihu ya yarda a sauya manifol ɗin hayaƙi da irin mai dogayen bututu huɗu a kowane gefe. A saman inji kuma, manifol ɗin shigar iska na alminiyam mai hawa biyu, irin Performer na kamfanin Edelbrock, ya dace da titi, ga shi ya fi na ƙarfe sauƙin nauyi. Mai hawa ɗaya na tsere ne, ƙarfinsa sai a can sama inda ba za ka kai ba a hanyarka ta zuwa aiki. Irin waɗannan kaya ana samun na hannu a kasuwar 'yan kayan mota, irin wadda ake yi a filin tseren Charlotte mai suna AutoFair, kuma ɗan Kano ko ɗan Maraɗi ba sai an koya masa ciniki ba.

Akwai kuma wani ƙari da bai shafi injin ba sam, amma ya fi yawancinsu jin daɗi a jiki: giyar aksil na baya. Motocin bayan 1973 da yawa an sa musu 2.73 ko ƙasa da haka don tsimin mai. In aka mayar da ita 3.55, ƙarfin da ke isa taya ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari ba tare da an taɓa fistin ko ɗaya ba. Amma babu kyauta a ciki: a kan babbar hanya injin zai riƙa juyi da ƙarin kashi 30 ɗin nan, ya ƙara ƙara, ya ƙara shan mai. Motar da dama mil goma take yi a galan, wato kilomita huɗu da ɗan kai a lita, mai ita ya yi lissafinsa.

Kamshaf na bari ƙarshe da gangan. Wannan gurnanin da ke sa mota tana karkarwa a tsaye, wanda samari ke ɗauka a waya suna turawa, daga babban kamshaf yake fitowa. A injin da matsinsa bai wuce 8.5 ba, babban kamshaf yana kashe ƙarfin ƙasa, mota ta yi ta gurnani amma ƙaramar Honda ta wuce ta a danja. Sannan tsofaffin injunan nan suna buƙatar baƙin mai mai sinadarin zinki, wanda aka rage a man zamani. In aka sa sabon kamshaf ba a yi masa horon farko ba, wato minti ashirin zuwa talatin a juyi dubu biyu zuwa dubu biyu da ɗari biyar da man da ya dace, yana iya cinyewa tun a makon farko ya watsa garin ƙarfe a duk cikin injin. Abin da ya fi damuna kuma shi ne wannan: tulun da ke taimaka wa ƙafarka wajen taka birki da zuƙar injin yake aiki, babban kamshaf kuma yana rage zuƙar. Mutum ya ƙara gudu, ya rage birki, a aiki ɗaya, da kuɗinsa.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Duk jerin da na kawo a sama, birki da taya suna gabansa. A wannan jihar, doka ta ɗauke wa motocin da suka kai irin wannan shekaru binciken shekara-shekara da ake yi wa sauran motoci. Samari suna murna da hakan. Ni kuwa abin da nake gani shi ne babu wanda zai duba maka birkinka sai kai. Motocin nan da yawa birkin duram ne a ƙafa huɗu, wanda in ya yi zafi yake saki. Na kafin 1967 yawancinsu mastan birki mai layi ɗaya suke da shi, in tiyo ɗaya ya fashe ƙafarka ta tafi ƙasa gaba ɗaya. A sa birkin faifai a gaba, a sa masta mai layi biyu, a sauya tiyo da man birki. A jikin kowace taya akwai lambar DOT, lambobi huɗun ƙarshe su ne mako da shekarar da aka yi ta. 2312 na nufin mako na 23 a 2012. Taya tana iya zama da zane kamar sabuwa alhali robar ta mutu. Kuma lissafin da muka koya a makaranta bai sauya ba: in gudu ya ninka biyu, tazarar tsayawa ta ninka huɗu. Motar nan ba ta da jakar iska, ba ta da birkin da ke hana taya kullewa, wata ma bel ɗin cinya kawai take da shi. Mu da muke karɓar waɗanda aka kwaso daga titi mun san abin da sitiyari yake yi wa ƙirji, mun san abin da bel ɗin cinya kaɗai yake yi wa hanji da ƙashin baya. A sa bel mai bi ta kafaɗa kafin a sa komai mai sheƙi.

Hatsarin ma ba a titi kaɗai yake ba, yana cikin garejin gida. Injin da aka ƙera kafin 1975 ba shi da na'urar tace hayaƙi, yana fitar da iskar kabon monoksaid da yawa fiye da motar zamani. Ba ta da launi, ba ta da wari. Tana manne wa jini fiye da iskar da muke shaƙa sau ɗari biyu da wani abu, kuma ɗan abin da muke maƙala wa majiyyaci a yatsa yana iya nuna komai lafiya alhali mutum yana tafiya. Hukumar CDC ta ce fiye da mutum 400 ke mutuwa a Amurka kowace shekara da gubar wannan iska ba tare da gobara ba. 'Yan gida sun san wannan masifa ta hanyar janareto da ake kwana da shi a ɗaki. A lokacin sanyi ne ake jarabtuwa, a rufe ƙofa a ce minti biyar kawai za a saita kafireta. A fitar da motar waje. In garejin yana manne da gida, iskar tana shiga ɗakin yara. Ciwon kai, jiri da tashin zuciya ga mutum biyu a lokaci guda, a fita waje a kira 911.

Kada a shiga ƙarƙashin mota a kan jak kaɗai, a tokare ta da ƙafafun ƙarfe a kan siminti. Kada a hure ƙurar tsohon birki da iska, domin tana iya ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A jiƙa ta a goge. Ruwan lagireto yana da zaƙi a baki kuma yana kashe ƙoda, kada a bar shi a buɗe ko a zuba shi a gorar lemo inda yaro zai gani. Duk waɗannan ba su kai kuɗin kafireta ɗaya ba.

Ga wanda yake ganin sai da kuɗi ake wannan harka, ya tuna Wendell Scott na Danville, can Virginia, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga nan ta hanya mai lamba 29. Baƙar fata ne, bakanike, wanda ya yi aikin gyaran mota a soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba shi da babban kamfani a bayansa. Da motocin hannu da kayan da manyan ƙungiyoyi suka gama da su ya yi tsere, 'ya'yansa ne ma'aikatansa, wani lokaci shi da kansa yake fitowa ya sauya taya. Ranar 1 ga Disamba 1963, a Jacksonville ta jihar Florida, ya zama baƙar fata na farko da ya ci tsere a babban matakin NASCAR. A ranar wani aka ɗaga wa tuta, sai daga baya aka gyara sakamakon, kuma sai a 2021 hukumar ta miƙa wa iyalansa kofin, shekaru talatin da ɗaya bayan rasuwarsa. Jarinsa sanin injinsa ne ciki da waje. Wannan hali ne da muka sani a Panteka ta Kaduna da Katako ta Yamai, inda ake tayar da ƙarfen da wani ya yanke wa ƙauna.

Yanzu ga iyayenmu da yayyenmu. Ƙorafinku yana da tushe, ba zan ɓoye ba. Akwai uwa a Zinder ko Katsina da ke jiran abin da za a turo ƙarshen wata, akwai kuɗin makarantar ƙanne, akwai haya a nan da ba ta jira. Dala ɗari biyar da aka kashe a kan manifol, in aka juya ta Naira ko Sefa, abincin gida ne na tsawon lokaci. Saboda haka nake ganin sharuɗɗa uku ne, kuma wanda bai cika su ba ya haƙura tukuna. Na ɗaya, rabon gida ya fita kafin rabon mota. Na biyu, babu bashi: ba katin banki, ba biya kaɗan-kaɗan, ba cin adashi a zuba wa inji. Abin da aka tara shi za a kashe, kuma kada a yaudari kai cewa jari ne, domin da wuya kuɗin da aka zuba wa irin wannan mota ya dawo in an tashi sayarwa. Na uku, kada ta zama motar zuwa aiki. Mai shiga aiki ƙarfe shida na safe yana buƙatar motar da za ta tashi kullum.

Amma in yaro ya cika waɗannan, ina roƙon ku sassauta masa. Saurayin da ya kwashe Asabar ɗinsa yana neman dalilin da silinda ta biyar ba ta kama wuta, kun san inda yake, kun san da wa yake. Yana koyon haƙuri, yana koyon karanta littafin gyara, yana koyon lissafi da hannunsa. Kwalejin GTCC da ke Jamestown tana koyar da gyaran mota har a ba da takarda, kuma ƙwararren bakanike a ƙasar nan ba ya rasa aiki. Mu da muka fito daga inda ake kai yaro gareji yana shekara goma sha biyu a damƙa wa oga, bai kamata mu raina sana'ar ba don mun ganta a cikin rigar wasa. Maimakon a ce masa ya sayar da tarkacen, a tambaye shi: ka auna matsin? Ka gyara birkin? Ka tura wa Hajiya nata?

Samari kuma, magana ɗaya ta rage. In motar ta tashi, zuciya za ta ce a gwada ta. A dokar jihar nan, tseren da aka shirya a kan titin jama'a laifi ne da ke sa a ƙwace lasisi na shekaru, a kuma kama motar. Ga wanda takardunsa na zama ke kan hanya, kowane kamu yana iya zama matsalar da ta fi tara. Kuma titin da kake gwajin a kai, matar maƙwabcinka tana bi da yara a baya. Filin Piedmont Dragway yana Julian, kudu maso gabas da gari, an yi shi ne don wannan. Ka biya kuɗin shiga, a duba motarka, ka sa hular kwano, a ba ka takardar da ke nuna daƙiƙoƙin da ka yi. Da wannan takardar ce ma za ka san ko kuɗin da ka kashe ya yi aiki, domin kunne yana ruɗin mai shi, agogo kuwa ba ya yi.

Saboda haka, ga tsarin a taƙaice ga mai son ya liƙa a bangon gareji: gida, birki da taya da bel, awo, wuta, mai, sanyaya, numfashi, giya, sannan kamshaf in har akwai buƙata. Wanda ya bi shi zai iya tsayawa a kowane mataki in kuɗi ya yanke, motarsa tana tafiya, iyalinsa ba su ji a jikinsu ba. Allah ya tsare mana yaranmu a gareji da kan hanya.